Yaba Kyauta Tukuici: Godiya Ga Malamata Kan Kulle Hanyar Bayanan Majinyata

 Malama, na san ba ki son a ambaci sunanki a bainar jama'a, don haka ba zan ambata ba. Sai dai alherin da kika yi mana ya fi ƙarfin godiyar da ake yi a waya. Ko kuɗin kati kin ƙi karɓa. Da shugaban asibitinmu ya ce in karɓo lambar asusunki, cewa kika yi ya sayi batirin inbata da kuɗin. Abin da ya rage mini shi ne in rubuta, saboda yaba kyauta tukuici ne, kuma saboda akwai ire-irena da yawa a ƙananan asibitoci da makarantu da ofisoshi, waɗanda aka damƙa wa uwar garke su kaɗai, ba su da wanda za su tambaya in dare ya yi abu ya cije.

Ga wanda bai san mu ba, ni ne mai kula da kwamfutoci a wani ƙaramin asibitin kuɗi a Kano, wanda ke da reshe guda a ƙauye. Bayanan majinyatanmu suna cikin OpenMRS, manhajar kyauta da aka rubuta da Java. An faro ta a 2004 da haɗin gwiwar cibiyar Regenstrief ta jihar Indiyana a Amurka da ƙungiyar Partners In Health, aka soma aiki da ita a Eldoret ta ƙasar Kenya, daga nan ta bazu. A wurinmu tana zaune ne a cikin Tomcat, uwar garken Java ta gidauniyar Apache, a kan kwamfuta guda mai Linux. Na gaji tsarin a yadda aka kafa shi: likita ko nas ya buɗe burauza, ya rubuta lambar kwamfutar, ya ƙara 8080, ya shiga. Yana aiki, ba mai ƙorafi, kuma abin da ke aiki a asibiti ba a cika son a taɓa shi ba.

Abin da ke bin wannan hanya kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Tun da gwamnatin Kano ta sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, samari da 'yan mata ke ta zuwa gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da na sikila. Sakamako guda in ya fita ta inda bai dace ba, aure ya mutu tun kafin a ɗaura, yarinya ta shiga bakin unguwa, kuma magana zarar bunu ce. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, ta kuma wajabta sanar da hukuma cikin awa 72 idan suka tsiyaye ta yadda za su cutar da masu su. Kin karanta mini wannan, amma ba da doka kika tsorata ni ba. Cewa kika yi in sauke Wireshark a kwamfutata, in kunna shi, sannan in shiga manhajar da sunana. Na yi. Ga sunana, ga kalmar sirrina, a rubuce ɓaro-ɓaro a cikin abin da ya ratsa waya. Sannan kika tambaye ni mutum nawa ne suka san kalmar shiga wayafai ɗin asibitin. Amsar ita ce ma'aikata duka, da ƙannensu, da duk mai jinyar da ya iya roƙo. Duk wanda ke cikin wannan hanya, in yana da manhajar da ake samu kyauta da ɗan haƙuri, zai iya cusa kansa tsakanin nas da uwar garke ya karanta komai.

Abu na farko da nake gode miki a kai zai ba wasu mamaki, domin ƙi ne. Na ce zan buɗe miki hanya ki shigo uwar garken daga inda kike, ki gyara cikin dare ɗaya a wuce wurin. Kika ce a'a. Bayanan majinyata ba naki ba ne da za ki gani, kuma idan kika gyara da hannunki, ranar da abin ya lalace sai an sake nemo ki. Haka muka yi aikin duka: ni ina gaban allo, ke kina waya bayan kin taso daga aiki kin sallami yara, ina karanto miki abin da na gani, kina tambaya ta me nake jin yana nufi. Wani lokaci raina yakan ɓaci, domin na san amsar tana bakinki. Amma yau duk layin da ke cikin fayil ɗin server.xml na san dalilin zamansa, kuma da kin shigo kin yi mini, da ban sani ba.

Hanyar da aka fi nunawa a darussan da ke yawo ita ce mutum ya ɗauki keytool, ya ƙirƙiri takardar shaida ya sa mata hannu da kansa, ya buɗe ƙofa ta 8443, shi ke nan. Minti kaɗan ne. Kin yarda cewa hakan zai layance bayanan, wato ya mai da su tarkacen da ba mai iya karantawa sai mai makulli. Abin da kika ƙi shi ne abin da zai biyo baya. Kowace safiya burauza za ta nuna wa nas jan gargaɗi cewa ba ta san wannan takarda ba, ni kuma zan ce mata ta danna ta wuce. Bayan wata guda hannunta ya saba. Ranar da ɓarawo na gaske ya tsaya a tsakani da tasa takardar, gargaɗin da za ta gani shi ne wanda na koya mata ta yi watsi da shi. A nan na fara fahimtar abin da kika yi ta maimaitawa har muka gama, cewa ɓoye magana shi ne ɓangare mai sauƙi, aikin yana wurin tabbatar da wanda kake yi wa maganar.

Sai kika sa na kalli musabahar da idona. Java tana da wani maɓalli, javax.net.debug, wanda in aka kunna shi take zayyano duk abin da ɓangarori biyu suka gaya wa juna kafin su fara musayar bayani. Rubutun yana da tsawo da ban tsoro, amma kika bi da ni layi-layi. Mai neman shiga ne ke fara sallama, ya faɗi irin ƙa'idojin layancewa da ya iya, ya haɗa da rabinsa na wani lissafi. Uwar garke ta zaɓi ƙa'ida ɗaya, ta aiko da nata rabin. Daga waɗannan rabi biyu kowanne ya fitar da makulli iri ɗaya a gefensa, makullin da bai taɓa ratsa waya ba, don haka mai laɓe ya ji duk abin da aka faɗa amma bai samu komai ba. Whitfield Diffie da Martin Hellman ne suka wallafa wannan dabara a 1976, kuma har yanzu idan na tuna ta sai in ji kamar siddabaru. Bayan haka uwar garke ta miƙo takardar shaidarta, ta kuma sa hannu a kan zancen da makullin sirrinta, don a san takardar tata ce ba aro ta yi ba. In an gama hira a jefar da makullin wannan zama. Ko da wani ya naɗi duk abin da ya wuce, ya zo bayan shekara ya sace makullin sirrin uwar garke, ba zai buɗe tsohuwar hira ba. A tsarin TLS 1.2 na 2008, wato ƙa'idar wannan musabaha, akwai hanyar da ba ta da wannan kariya, wadda ake aika makullin zama a rufe da RSA. TLS 1.3 na 2018 ya cire ta gaba ɗaya.

Da muka zo kan takardar shaida kin ba ni misalin da ya zauna mini. Baƙo ya zo ofis da takardar cewa shi ɗan unguwa kaza ne. Mai unguwa ya sa hannu, dagaci ya shaidi mai unguwa, hakimi ya shaidi dagaci, ofis kuma hatimin hakimi kaɗai ya sani. In takardar dagaci ta ɓace a hanya, sa hannun mai unguwa na gaske ne amma ofis ba shi da yadda zai haɗa shi da hatimin da ya sani. Haka takardar uwar garke take, da ta tsakiya, da ta tushe wadda ke ajiye tun asali a cikin burauza ko a cikin Java.

Mun zaɓi Let's Encrypt, wadda ƙungiyar ISRG ta buɗe wa kowa a ƙarshen 2015, tana ba da takarda kyauta mai kwana 90. Matsalarmu ita ce uwar garken ba ta fuskantar intanet kai tsaye, lambarta ta cikin gida ce, kuma ba hukumar da za ta shaidi lambar cikin gida. Kika ce mu yi rajistar suna mai ƙarewa da .ng, mu tabbatar da mallakarsa ta hanyar rubuta wata alama a kundin DNS, a cikin asibiti kuma sunan ya riƙa nuna lambar gida. Ban san ana iya haka ba. Ranar da burauza ta buɗe shafin shiga ba tare da gargaɗi ba na ɗauka an gama.

Ashe lokacin aka fara. Muna da wata ƙaramar manhajar Java a ɗakin gwaji, wadda ke ɗaukar sakamako daga na'urar jini ta tura wa uwar garke, akwai kuma irinta a reshen ƙauye. Ta reshe ta ƙi haɗuwa sam, tana jefo dogon saƙon kuskuren nan mai ɗauke da PKIX, wanda duk wanda ya taɓa Java ya san shi, tana cewa ta kasa gina hanya zuwa tushen da ta amince da shi. Burauza na cewa lafiya, Java na cewa ba lafiya, a kan takarda ɗaya. Kika tambaye ni takarda nawa uwar garken ke miƙawa a musabaha. Na duba da openssl, guda ɗaya ce. Certbot, mai karɓo mana takardar, yana ajiye fayil mai takardar uwar garke kaɗai, yana kuma ajiye wani mai ɗauke da ta tsakiya, Tomcat kuwa na farkon kawai take aikawa. Burauza irin Chrome in ta ga giɓi takan je ta nemo ta tsakiyar da kanta, ko ta yi amfani da wadda ta taɓa gani. Java ba ta yin haka sai an umarce ta. Kika ce ba Java ce mai taurin kai ba, burauza ce ke rufa mana asiri. Muka ƙara layi guda a cikin SSLHostConfig, sarƙar ta cika. Sai wani abu ya sake fitowa: Javar da ke kwamfutar reshe tsohuwa ce ƙwarai, ta gabaci sabuntawa ta 141 ta Java 8, wadda a cikinta aka sa tushen ISRG Root X1. Da muka sabunta ta, ta haɗu.

Amma tambayar da na fi gode miki a kai ita ce wadda kika yi bayan nan. Kika ce: ta reshe ta ƙi, to me ya sa ta ɗakin gwaji ta yarda tun ranar farko, da sarƙa guntuwa, da Java mai shekaru ɗaya da waccan? Ni murna nake cewa aƙalla guda ba ta ba ni wahala ba. Ke kuwa a wurinki wadda ba ta yi gardama ba ita ce abin zargi. Muka buɗe rubutun manhajar, wanda wani ɗan kwangila ya bari shekarun baya. A cikinsa akwai wani sashe da ya maye gurbin TrustManager na Java, wato mai tantance takardu, da wani wanda cikinsa fayau ne: an ba shi takarda, bai duba komai ba, ya ce a wuce. A ƙasansa kuma mai duba suna, HostnameVerifier, an rubuta shi ya riƙa amsa "e" ga kowane suna. Da alama mutumin ya taɓa cin karo da saƙon PKIX a wani aiki, ya samo wannan magani, ya riƙa ɗaukarsa duk inda ya je. Layi ne da ba su kai ashirin ba.

Kika sa na gwada don in gani. Na ƙirƙiri takardar bogi da suna na banza, na tayar da wata Tomcat a kwamfutata, na juya manhajar gwajin zuwa gare ta da sakamakon ƙarya. Ta yi musabaha cikin ladabi, ta layance komai da ƙa'ida mafi ƙarfi, ta miƙa wa baƙo. Da an tambaye ni kafin wannan dare, da na rantse hanyar a kulle take, tunda adireshin ya fara da https. Kin gaya mini wannan cuta ba ta ƙananan wurare irin namu ba ce kaɗai: a 2012 masu bincike daga jami'ar Texas da ke Austin da jami'ar Stanford sun nuna cewa manhajoji da dama da ba burauza ba, har da na biyan kuɗi da na banki, ba sa tantance takarda yadda ya kamata. Ra'ayina, wanda na san kin fi ni sassauci a kai, shi ne wannan ya fi 8080 a buɗe muni. Mai 8080 ya san a fili yake. Mai wannan kuwa barci yake da minshari.

Daga nan kika rarrabe mini rumbu biyu da mutane ke yawan cuɗawa, saboda kamanninsu ɗaya kuma keytool ɗaya ke sarrafa su. Ɗaya rumbun makullai ne, inda makullin sirrinka da takardarka suke, shi ke cewa ga ni. Ɗayan rumbun amintattu ne, inda takardun waɗanda ka yarda da shaidarsu suke, ba sirri a ciki, amma duk wanda ya iya ƙara takarda a cikinsa ya mallake ka. Java na zuwa da nata babban rumbun amintattu, cacerts, mai kalmar sirrin da duniya duka ta sani, changeit. Shawarar da ake yawan bayarwa ita ce a tura duk takardar da ta ba da matsala cikinsa. Kika hana. Sabunta Java na iya share abin da ka zuba, sannan duk manhajar da ke kwamfutar za ta gaji amincewar da ba ta nema ba. Kika ce manhajar ɗakin gwaji da uwar garke ɗaya take magana a duniya, to me ya haɗa ta da amincewa da tarin hukumomi na ƙasashe daban-daban? Kika tuna mini DigiNotar ta ƙasar Holan, wadda aka kutsa wa a 2011 aka buga takardun Google na jabu, aka yi amfani da su wajen leƙen mutane kimanin 300,000 a Iran, kamfanin kuma ya durƙushe a shekarar. Muka yi wa manhajar ƙaramin rumbu nata, a tsarin PKCS12 wanda Java ta mayar tsarinta na asali tun fitowa ta 9 a madadin JKS, muka sa tushen da muke buƙata kawai.

Sai batun juya tambayar. Yanzu manhajar ta san uwar garke, to uwar garke ta san manhajar? A da kalmar sirri ce guda, a rubuce cikin fayil, ɗaya ce a ɗakin gwaji da reshe. Kika koya mini shaidar juna, inda kowane ɓangare ke miƙa takarda. Muka kafa 'yar ƙaramar hukumar shaida tamu, makullinta a kan filashi biyu da ba sa kwana a jikin kwamfuta, ɗaya a sef ɗin shugaba. Kowace na'ura aka ba ta takardarta da sunanta. Na so a yi komai a ƙofa ɗaya, a riƙa neman takarda sai mutum ya nufi wani sashe na musamman. Kika nuna mini gargaɗin da Tomcat kanta ke rubutawa: TLS 1.3 ya soke sake yin musabaha a tsakiyar hira, kuma JSSE, wato sashen Java mai wannan aiki, ba ya iya neman takardar mai shigowa bayan an gama ta farko. Don haka muka ware wa na'urori ƙofarsu, inda certificateVerification ke kan required. Wanda ba shi da takarda ko shafin shiga ba zai gani ba. Wannan ƙofa kaɗai muka buɗe wa reshe ta intanet. A nan ma akwai wani ƙi naki da ba zan manta ba. Na ce zan tura wa ma'aikacin reshe fayil ɗin makullinsa ta WhatsApp. Kika ce makullin sirri a inda aka haife shi yake mutuwa: a ƙirƙire shi a can, a aiko da takardar neman shaida kaɗai, a sa mata hannu a mayar.

Wuri ɗaya muka saɓa, kuma yadda kika karɓi saɓanin yana cikin abin da nake yabawa. Kin so mu sa nginx a gaba ta ɗauki nauyin layancewa, Tomcat ta koma baya, kamar yadda ake yi a manyan wurare irin inda kike aiki. Na ce ni kaɗai ne, kuma duk manhajar da aka ƙara wata aba ce da zan riƙa sabuntawa, in kuma bayyana wa wanda zai gaje ni. Kika yi shiru, sannan kika ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma da sharaɗi: ba za a gudanar da Tomcat da ikon root ba don kawai a samu ƙofa ta 443. Linux ba ya barin wanda ba shi da izini na musamman ya buɗe ƙofar da ke ƙasa da 1024, shi ya sa mutane ke yin wannan ganganci. Muka ba ta wannan izini guda ta hanyar systemd, ba ƙari. Kina cikin duba abin da nake karanto miki kika ji na ambaci 8009, kika ce in tsaya. Ƙofar AJP ce, wadda aka gano raunin Ghostcat a cikinta a farkon 2020, mai ba baƙo damar karanta fayilolin manhaja. Ba ma amfani da ita, muka rufe.

Sauran gyare-gyaren sun tafi da sauri. Muka bar TLS 1.2 da 1.3 kaɗai. SSL 3.0 na Netscape ya mutu tun da harin POODLE ya fallasa shi a 2014, TLS 1.0 da 1.1 kuma an yi musu ritaya a hukumance a 2021, Java ma ta kashe su a sabuntawarta ta Afrilun shekarar. Muka sa 8080 ta riƙa tura mai zuwa ƙofar da ke kulle, muka sa wa alamar zaman mai shiga tambarin da ke hana ta bin buɗaɗɗiyar hanya. Kan HSTS, wanda ke umartar burauza kada ta sake yarda da buɗaɗɗiyar hanya, kika ce mu fara da gajeren wa'adi, kada garin neman gira a rasa ido, takarda ta samu matsala likita ya kasa ganin fayil ɗin majinyaci yana kwance a gabansa. Rumbun bayanai na MySQL yana kan kwamfuta ɗaya da Tomcat, don haka muka bar shi, amma kika sa na rubuta a littafin aiki cewa ranar da aka raba su, sslMode na asali yana layancewa ne ba tare da tantance kowa ba, sai an mai da shi VERIFY_IDENTITY.

Akwai matsaloli biyu da ba a cika rubutawa a littattafan ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa ba, kuma duka biyun kin gano su ta waya. Wata safiya kwamfutar reshe ta ƙi takardar da ta karɓa jiya, tana cewa lokacinta bai yi ba tukuna. Ina shirin sake buga takarda kika ce in tambayi ma'aikacin wace shekara agogon kwamfutar ke nunawa. An ɗauke wuta cikin dare, inbata ta ƙare, ƙaramin batirin CR2032 da ke riƙe agogo ya daɗe da mutuwa, kwamfutar ta farka a shekarun baya. Kowace takarda tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma Java agogon gida take tambaya. Batiri guda da daidaita agogo ta NTP suka kashe maganar. Ta biyun tsofaffin allunan hannu ne da aka ba mu kyauta, masu Android da bai kai 7.1.1 ba. Ba su san tushen ISRG ba, kuma tsohuwar gadar da Let's Encrypt ke amfani da ita dominsu ta ƙare a 2024. Ba mu da kuɗin sabbi. Kika ce a sa musu Firefox, wadda ke tafe da jerin amintattunta, kafin a samu halin canza su.

Takarda mai kwana 90 tana nufin sabuntawa ba ta hannu ba ce. Certbot na karɓo sabuwa da kansa, amma Tomcat na riƙe da tsohuwa a ƙwaƙwalwa har sai an ce ta sake karantawa, kuma wannan giɓi ya sha kayar da mutane. Muka rubuta ɗan umarni da ke gudana bayan kowace sabuntawa. Kika ƙara da wani da ke zuwa ta ƙofa kamar baƙo, ya duba takardar da ake miƙawa a zahiri, ya aiko mini saƙo in saura kwana 20. Let's Encrypt ta daina aika wasiƙar tunatarwa tun Yunin 2025, don haka ba mai tashe ka. Kuma abin ƙara matsewa zai yi: a Afrilun 2025 dandalin hukumomin shaida da masu burauza ya amince a rage tsawon ran takarda daki-daki, daga kwana 398 har zuwa 47 a Maris na 2029. Wanda ke sayen takardar shekara yana liƙa ta da hannu, lokacinsa ya kusa ƙarewa.

Kin sa na rubuta komai da Hausa da Turanci a littafi mai bango, har da inda filashin suke da yadda ake soke takardar na'urar da ta ɓace. 'Yar bautar ƙasa da aka turo mana bana ta bi littafin ita kaɗai ta buga wa sabuwar kwamfutar ɗakin magani takarda, ni ina zaune ban ce uffan ba sai da ta tambaya. Na ga amfanin irin shirun da kike yi mini.

Abin da ya rage shi ne kwafin ajiya. Har yanzu ana sauke shi a faifan waje ba a layance ba, kuma na tuna kin ce kulle hanya bai hana a ɗauke faifai a aljihu ba. Na fara karatu a kai, zan kawo miki tsarin da na yi ki duba, ba don ki yi mini ba. Shugaba ya sayi batirin inbatar, ya ce in gaya miki. Ma'aikatan ɗakin gwaji sun haɗa miki kilishi da dambun nama, wannan kam ba ki da hanyar ƙi, domin na riga na ba direba, zai kira ki in ya iso tasha.

 

Ɗalibinki.